Riguna Huɗu a Jikin Muntaka

Muntaka ɗan gayu ne, ko maƙiyinsa ba zai ƙi faɗar haka ba. Shekara bakwai ya yi a wata masaƙa a Kano. Can ya koyo ɗora rigar shat a kan singileti, a bar maɓallai a buɗe iska na ratsawa. Da aka rufe masaƙar ya tattara rigunansa ya dawo ƙauyensu kusa da Ɗanbatta, ya kama 'yar gonar gado.

Sai damina ta yi gardama shekara biyu a jere. Akuya ta tafi kasuwa, rediyo ya bi ta, kwanukan matarsa Hure suka bi bayansu. Aka kai ga yaransu uku sun kwana biyu ba su ci komai ba sai dafaffen zogale.

Riguna huɗu suka rage masa abin sayarwa. To amma a garin nan, magidanci ya fito da ƙunshin tufafinsa ranar kasuwa, ai ya yi shela ke nan cewa gidansa ya mutu. Ga gida jikin gida, gona jikin gona, ba ta inda za ka bi ido bai gan ka ba. Sai ya saka su duka, ɗaya kan ɗaya, ya rufe ukun ciki, ya bar ta sama a buɗe yadda ya saba.

Hure ta ce, "Malam, a wannan zafin?"

Ya ce, "Ke dai jira ni. Da gero zan dawo."

A bakin hanya maƙwabcinsa Dabo ya kwashe da dariya. "Kai, Muntaka! Ana yunwa kana ƙiba?"

"Yayin birni ne, ba za ka gane ba."

Babu kuɗin mota, ƙafa ya taka. Rana kuwa ta bazara, ga ciki ba komai. Bai kai rabin hanya ba idonsa ya yi duhu, ya yanke jiki ya faɗi.

Masu tafiya kasuwa suka yo kansa, Dabo da ya biyo hanyar yana gaba yana ihu, "Iska! Ku ba shi iska!" Ya fizge rigar sama, hannunta ya yage. Ya ga wata, ya tsarge ta. Sauran biyun gumi ya manne su da jiki, sai da wuƙa. Da haƙarƙarinsa ya bayyana kowa ya gane.

Muntaka na farfaɗowa ya ce, "Ina rigunana?"

Dabo ya miƙa masa tsummokaran, kansa a ƙasa. "Wallahi ban sani ba. Ranka nake ceto."

Me za ka ce da wanda ya ceci ranka? Haka ya buɗe baki ya yi godiya.

Hure na jin sallamarsa ta taso da ƙwarya a hannu, yara na biye da ita. Ta dubi abin da ya rataya a kafaɗa. Ta kife ƙwaryar, ta ce, "Ku koma ɗaki, Babanku ya gaji."