Sashen da aka yanke

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Aji huɗu na tsaya a lekol, kuma ban saba ba da labari ba.

Mu uku ne a wajen Inna, a Affala: Yaya Habibu, Yaya Muktari, sai ni Rahama. Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, Muktari ya sayar da bijimin da Baba ya bar musu, ya yi kuɗin mota zuwa birnin Abija. Habibu ko rakiya bai yi masa ba.

Bayan shekara biyu aka aiko cewa zazzaɓi ya ɗauke Muktari. Da jakarsa ta iso, muka tarar da kaset a ciki, wanda ya ɗauki muryarsa a kai, bai samu mai kawowa ba. Ya gaishe da kowa da sunansa, har akuyar Inna. Habibu kuwa, da an taɓa rediyo sai ya ɗauki hauyarsa ya fita. Bai taɓa jin wurin da Muktari ya kira shi ba.

Wata ranar Juma'a rediyon ya tauna zaren kaset ɗin. Na naɗe shi a gefen zane, na shiga mota zuwa Tawa, wajen Almustafa mai gyara a bakin kasuwa.

Ya ɗaga zaren ya duba. "Ƙanwata, wannan rediyon naku yunwa yake ji? Nan sai an yanke."

"Da yawa?"

"Kamu ɗaya. Waƙa ce?"

Na ce a'a. Ya dube ni, bai ƙara wasa ba. Ya yanke, ya haɗa bakin da jan farce, ya kunna. Muktari ya ce, "Yaya Habibu," sai ƙas, sai ga shi yana gaishe da liman.

Ni kaɗai na haddace abin da ke tsakani, don Inna kuka take yi in an zo wurin. Cewa ya yi: "Bijimin nan, ban kyauta ba. Na san kai ka yi kiwonsa tun yana maraƙi. Ka yafe mini, ka bar ɗaure fuska, ba ta yi maka kyau."

Ban taɓa yi wa Habibu magana mai tsawo ba. A mota ina ta maimaitawa don kar kalma ta faɗi.

Da safe na dama fura na bi shi gona. Na ajiye ƙwaryar, na ce, "Yaya, an ba ni saƙo." Ya jingina hauyar, ya ce, "Wa?" Na dubi ƙasa, na fara daga inda Muktari ya fara: "Yaya Habibu."