Takarda a Ƙarƙashin Filasha

Ranar da filashar kyamarata ta ƙi kawo wuta, yara arba'in ne jere a gabana cikin zauren makaranta mai duhu, kowa ya yashe baki yana jira. Shi ne babban aikina na farko, kuma shugabar makarantar ta ce in hotunan sun yi kyau, aikin kowace shekara nawa ne. Na danna, murfin filashar ya ɗaga, amma ko ƙyas. Na sake dannawa. Hotunan suka fito kamar a cikin tukunya aka ɗauke su.

Yayana ne ya rako ni, shi da ya koya mini sana'ar. "Matsa, ƙanwata, kar mu ji kunya," ya ce, ya zaro tasa kyamarar daga jaka. Har godiya na yi masa, ni sakarya. Kafin mu fito shugabar ta karɓi lambar wayarsa.

Washegari na baje kayan a kan teburin ɗakina. Na canza batir. Na duba saiti ko an kashe filashar, ba a kashe ba. Na mayar da komai yadda ya zo daga kamfani. Na kara kunne ko zan ji ɗan kukan nan da take yi in tana tara wuta, shiru kake ji. Sai na tuna karatun Yaya: a gindin murfin akwai wani ɗan maɓalli kamar ƙwayar shinkafa, muddin yana danne, kyamara ɗauka take murfin a rufe yake.

Na sa tsinke na taɓa wurin. Wata 'yar takarda ce aka ninke, aka cusa da gwaninta. Da na warware ta, sai ga shuɗin kati da lambobi uku na ƙarshen lambar wayar da na haddace tun ina sakandare. Katin shagon Yaya ne, ni ma na zaɓa masa launin. Da safen ranar aikin, a mota ya ce, "Kawo in duba miki ita, kin san ki da rawar kai."

Ban yi kuka ba, amma raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa sani ba. Da ya ce yana son aikin, wallahi da na bar masa.

Da la'asar ya leƙo da fara'arsa. "Ta gyaru kuwa? Bar wahalar da kanki, kawo in kai wa mai gyara."

Na ɗaga kyamarar na saita fuskarsa, na danna. Haske ya wanke ɗakin.

Hoton ya fito tar, ban taɓa ɗaukar mai kyansa ba. A ciki ba ni Yaya yake kallo ba. Takardar da ke kan tebur yake kallo.