Maƙalar Bi-ni-da-zugu

Ɗalibai suna ce min Malama Yagana mai jan biro, kuma ko a jikina. Lafiyar dabbobi nake koyarwa a wata kwaleji a Kazaure, kuma babu abin da na tsana kamar yaro ya kwaso shara daga intanet ya ce min "bincike ya nuna". Wane bincike? Na wa?

Ranar da 'yan ajin ƙarshe ke kare binciken kammala karatunsu, Muhammadu Lawal ya tsaya gabanmu cikin farar shadda. Yaro ne natsattse, ɗan wata ruga a bayan Roni. Aikinsa a kan tsutsar cikin maruƙa ne, kuma duk ya jingina shi da maƙala guda, wadda ta ce jiƙon 'ya'yan bi-ni-da-zugu yana kashe tsutsar. Malamin da ke duba masa aikin ya tafi ƙaro karatu, shi ya sa babu wanda ya tare shi. Ni kuwa na san 'ya'yan nan guba ne, amma na ɗauka a takarda abin ya tsaya.

Na ce, "Buɗe min mujallar da ka samo wannan."

Ya buɗe a wayarsa ya miƙo min da hannu biyu.

"Wa ye editanta?"

Ya duba, babu suna. Adireshi ma babu. Maƙalar da ke gaban tasa a kan injin jirgin sama take, ta bayanta kuma a kan nahawun Larabci.

"Kai, Lawal! Mujalla ce wannan ko kasuwar ƙauye? Dubi nan, Litinin aka aika musu, Laraba suka buga. Yaushe masana suka zauna suka tantance ta, a mafarki? A kan shanun wa aka gwada? Me ya same su daga baya? Ko kalma ɗaya ba su faɗa ba. Masu irin wannan ko sunan akuyarka ka aika musu za su buga."

Sauran malamai suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya dafa tebur ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Haba, maki ne fa, ba mutuwa ba. Ka je ka gyara."

"Malama, ba maki ba ne." Ya ɗago ya dube ni. "Da na je gida na karanta wa Kawu Daudu, shi ne ya riƙe ni. Ya ce yau zai ɗura wa maruƙanmu."

Innalillahi! Na ce ya kira shi maza. Ya kira, ya sake kira, wayar ba ta shiga, don rugar tana tsakanin duwatsu. Na suri makullin mota, ko sallama ban yi wa kowa ba.

Ban taɓa jin tsoro a kan titi irin na ranar ba. Na taka totur, ina ta danna wa 'yan adaidaita ham kamar mahaukaciya. Lawal yana gefe yana salati, waya manne a kunne. Na tambaye shi ko Kawun mutum ne mai jinkiri, ya ce a'a, idan ya ce yau to yau ne. Na tambaye shi yawan jiƙon, ya nuna min da hannu, na yi da-na-sanin tambaya. Da muka sauka daga kwalta ƙasan motar ya riƙa bugun dutse, ban ko rage gudu ba.

Mun iske maruƙan a ɗaure jere a igiyarsu. Kawu Daudu, wani dogon dattijo, yana tsugune, ya matse kan wata jar maraƙa, kwalba a hannunsa. A gindin bishiya ga maƙwabta zaune, kowa riƙe da nasa maruƙan, suna jiran layi.

Tun kafin in kashe mota na ƙwalla, "Baba, tsaya! Kada a ƙara ɗura wa ko ɗaya!"

Ya miƙe da fara'a, bai ma fahimci abin da na ce ba.

"Maraba, maraba! Malamarsa ce da kanta? Ai namu mun gama tun da hantsi, na maƙwabta muka fara. Kowa ya ji ɗanmu ya kawo magani daga makaranta."

Na kalli igiyar. Na farko a jerin yana kwance, wuya a miƙe, zawo ya ɓata masa gindi, yawu na dalala. Na kusa da shi yana tangaɗi. Na ce a kawo gawayi a daka, a kawo ruwa mai yawa a ɗura musu ko gubar za ta ragu, amma a raina na san mun makara a kan waɗansu.

Kawu Daudu ya bi idona da kallo, ya ce, "Wannan kwanciyar ai tsutsar ce take mutuwa, ko ba haka ba, Malama?"

Maƙwabtan suka fara miƙewa suna jan maruƙansu baya. Fara'ar dattijon ta gushe a hankali, ya juya wajen yaron da ya riƙa, kwalbar tana hannunsa har yanzu.

"Lawal," ya ce a hankali, "ai ka ce min a littafi ka gani."

Lawal ya durƙusa cikin farar shaddarsa, ya ɗora kan maraƙin a cinyarsa, bai ɗago ba.