Layin da Ya Kwanta Ranar Juma'a

Kujera ɗaya ce ta rage a kamfanin Hajiya Asma'u da ke Kazaure, masu gwajin aiki kuwa biyu ne, Ukasha da Silvanus. Kamfanin ya ƙera manhajar da manoman Roni da Gwiwa da Babura ke rajistar taki da ita ta waya. Hajiya ta ce Silvanus ya auna saurinta, ya kawo sakamako ranar Litinin.

Ukasha ya san Silvanus ya fi shi iya aiki, abin da ke ci masa rai ke nan. Shi kuwa bawan Allah, bai daɗe da zuwa daga Jos ba, ya ɗauki Ukasha tamkar ɗan'uwa.

"Malam Ukasha, yaushe ya fi kyau in ɗauki awo?"

"Juma'a da azahar," in ji Ukasha, ko ido bai ƙifta ba. "Ba mai damunka."

Gaskiya ya faɗa, ba mai damunsa. Manoma duk suna masallaci, wayoyi na aljihu, manhaja na hutawa abinta. Da Ukasha ya dawo daga salla, ya tarar da Silvanus yana washe baki gaban kwamfuta. Layin zanen da ke nuna jinkiri ya kwanta lumui kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma, ko tudu ɗaya babu.

"Kai, wannan ai sai a buga a manna a bango!" in ji Ukasha, har da dafa masa kafaɗa.

Ranar Litinin da safe Ukasha ya riga kowa shiga ofishin Hajiya, ya rusuna ya gaishe ta, ya ce shi dai ba ya son shiga aikin wani, amma ta duba rana da lokacin da ke ƙasan zanen.

A taro Hajiya ta bar Silvanus ya gama bayani tas. Sannan ta haska zanen ranar kasuwa kusa da nasa. Layin ya miƙe sama, ya karye, manhajar ta tsaya cik.

"Ka auna hanya lokacin da ba mota, ka zo kana ce mana ba cunkoso?"

Aka kwashe da dariya. Silvanus ko sunan Ukasha bai ambata ba, don a ganinsa laifin kansa ne da bai yi tunani ba.

Ranar da zai tafi, Ukasha ne ya taya shi ɗaure katifa a saman a-daidaita-sahu. Silvanus ya riƙe hannunsa da hannu biyu, idonsa ya cika da ƙwalla.

"A duk garin nan kai kaɗai ka tsaya mini."

"Haba, ba komai," in ji Ukasha. "Allah ya kiyaye hanya."

Ya koma ciki, ya daidaita tsayin kujerar, ya zauna.