Awa Goma a Sama

Raudatu ta sake danna lambar yayanta Zakariya'u, karo na shida, alhali ta fi kowa sanin ba zai ɗauka ba. Ita ce da bakinta jiya ta ce masa ya daina damun mutane da kira, ya rufe shagonsa na Guwanzu, can ƙasar Sin, ya nemi jirgi ya taho. Ga shi kuwa ya ji maganarta. Tun la'asar yana sama, waya a kashe.

Mahaifiyarsu Inno tana kwance a ɗakinta a unguwar Kara-Kara ta Damagaram, numfashi yana fita da ƙyar. Da safe likita ya ja Raudatu gefe ya ce su koma da ita gida, abin da ya rage sai addu'a.

Inno ta tambaya ko Zakari ya kusa. Raudatu ta duba hoton tikitin da ya turo, ta yi lissafi a ranta. Daga Guwanzu zuwa Adis Ababa kilomita dubu takwas ne, awa goma da ɗoriya, kuma biyu kawai ya ci. Daga can sai jira, sai wani jirgin na awa kusan shida zuwa Yamai. Sannan motar Damagaram, wadda ba ta san gaggawar kowa ba, yini guda cur. Ko ta ina ta juya lissafin, jibi yake faɗawa. Tsoro ya kama ta sosai.

"Yana hanya, Inno."

"Ya fi Kano nisa?"

Inno ba ta taɓa wuce Kano ba a rayuwarta. Raudatu ta ce ya ɗan fi kaɗan.

Tsohuwar ta ce ita ba za ta iya jiran mota ba, a kira mata shi ta ji muryarsa kawai. Raudatu ta fara bayanin cewa a cikin jirgi babu rezo, kira ba ya shiga, sai ta ga idon Inno a kan wayar, ta haɗiye sauran. Ta ji haushin kanta. Da ta bar shi a shagonsa, da yanzu suna magana.

Ta juya baya, ta shiga tsofaffin saƙonnin muryar da yake turowa, ta zaɓi na watan jiya. Ta kara wayar a kunnen Inno ta danna.

"Salamu alaikum, Inno. Ina yini? Ya ƙarfin jiki?"

Ta tsayar da shi nan, don abin da ya biyo baya zancen kayan babur ne.

Fuskar Inno ta saki. Ta amsa sallamar, ta ce jiki da sauƙi, ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ya riƙe ƙanwarsa da kyau. Sai ta saurara.

"Zakari? Ka yi shiru."

Raudatu ta goge ido da bakin mayafi, ta mayar da saƙon zuwa farkonsa, ta sake dannawa.