Sojan Da Ya Nuna Hoto

Kwana tara ke nan wayar Haidar ba ta shiga. Malam Isyaku bai gaya wa kowa yana ƙirgawa ba, don Haidar ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kamawa, balle a gan shi yana kai-kawo a kansa. Amma yana ƙirgawa. Da asuba ya kira, a cikin a-daidaita daga Kumbotso ya kira, sannan ya sake gwadawa a bakin ƙofar kamfanin fatar da yake aiki a Challawa kafin ya miƙa wa maigadi wayar. Dokar wurin ke nan, ba a shiga da waya, sai an tashi kowa ya karɓi tasa.

Haidar soja ne, yana can gabas. Tare suka shiga da Mamman, ɗan Malam Uba, rana ɗaya, kuma wuri ɗaya aka tura su. Uba kuwa shekara goma sha shida yana tsaye kusa da Isyaku a wurin jiƙa fatu, warin da ya kama rigar wannan shi ya kama ta wancan.

Ƙarfe ɗaya ake fita cin abinci, rumfar Jummai a bayan sito. Tana da wata tsohuwar talabijin da sai an mare ta take magana, kuma fim ɗin yaƙi ake sawa, ko da wa zai mutu. Nan Isyaku yake sarauta. Mutumin da ko "zo in kashe ka" bai sani ba da Turanci, amma ba a minti goma sai ya nuna allo da cokali ya ce, "Wancan ba zai kai ƙarshe ba." Kuma wallahi ba ya kaiwa.

Musunsu da Uba ba ya ƙarewa. Uba wuta yake so, tanka da jirage, a rushe gada a tashi gari. Isyaku ya ce wannan ai hayaniya ce kawai. Fim mai kyau shi ne wanda za a bar ka ka san sojojin tukuna, ka ga mai tsoro, ka ga mai rowar taba, ka ga wanda ba ya iya barci, ta yadda in harsashi ya samu ɗaya sai loma ta tsaya maka a wuya. Kuma yana da doka guda da ba ta taɓa ba shi kunya ba: duk sojan da ya zaro hoton budurwa daga aljihu ya nuna wa abokai, to a fara haƙa masa kabari.

Wata biyu da suka wuce Uba ya zo rumfar yana dariya har da riƙe ciki. Wai Mamman ya gaya masa a waya, Haidar ya ishi kowa da hoton wata Firdausi 'yar Dorayi, a aljihun gaba yake ajiye shi, duk wanda ya zauna kusa sai ya gani.

"Ɗanka fa ya karya doka, Malam," in ji Uba.

Ranar Isyaku ma ya yi dariya. Yanzu maganar ce take hana shi sakat. Ya san shirme ne, ya san fim fim ne, rai a hannun Allah yake, ya yi istigfari ya fi a ƙirga. Duk da haka tsoro yake ji, tsoro sosai.

Uba bai damu ba, ko kuma ya iya ɓoyewa. "Sabis ne babu a dajin," ya ce, yana zuba yaji a garau-garau. "Nawa ma ba ya shiga. Ci abinci, ka faɗa mana wa zai mutu."

Isyaku bai ɗaga kai ba. A allon wasu samari ne a bayan mota suna waƙa, ba ya son ganin fuskar ko ɗaya.

Sai ga maigadi ya leƙo. "Malam Isyaku, ana sallama da ku a ƙofa. Ƙaninku ne."

Cokalin ya suɓuce masa. Usaini a Bompai yake aiki, me zai sa ya ratsa gari da tsakar rana? Isyaku ya san yadda ake yi, don shi kansa sau uku ana aikensa. Ba a faɗar mutuwa a waya, ba a faɗarta a tsaye. A turo ɗan'uwa, ya ce wane ne ba ya jin daɗi, ko ya ɗan ji ciwo, zo mu je gida. Sai ka shigo layi ka hango tabarmi a ƙofar gidanka.

Ya tashi ya nufi ƙofa. Usaini yana tsaye jikin babur, hula a hannu.

"Yaya, kada hankalinku ya tashi. Haidar ne ya ɗan ji ciwo, yana asibiti."

Kalma ɗaya bai canja ba daga yadda Isyaku yake faɗa wa mutane.

"Usaini, ni za ka yi wa wannan? Yaushe ya cika?"

"Wallahi Yaya yana raye. Taku ya fara kira, tana hannun maigadi a kashe, shi ya sa ya neme ni."

"Haka ake cewa."

Usaini bai ƙara musu ba. Ya danna waya ya kanga masa a kunne. Ta yi ƙara sau huɗu, Isyaku ya dafa bango.

"Baba?"

Muryar ta dushe, amma ita ce. Isyaku ya buɗe baki, sunan da bai taɓa kira a gaban mutane ba ya fito da kansa. "Haidar. Kai ne?"

"Ni ne, Baba. Harsashi ne a cinya, an cire shi. Sun ce zan taka." Sannan ya ce, "Baba, Mamman fa bai fito ba. Shi ya ja ni har bayan mota, da ya koma ɗauko wani aka same shi. Na ga gawarsa da idona. Kada Baba Uba ya ji a bakin baƙo, don Allah ku za ku gaya masa."

Isyaku ya daɗe riƙe da wayar bayan ta katse. Daɗi yake ji, kuma kunyar daɗin ta hana shi kallon Usaini. Mamman ko budurwa ba shi da ita, balle hoto.

Ya koma ciki a hankali. A rumfa an tsayar da fim ɗin ana jiransa, Uba ya rufe masa kwano da murfi saboda ƙuda.

"Lafiya dai?" in ji Uba. "Zauna mana, mun ƙi ci gaba sai ka zo."

Isyaku bai zauna ba. Ya ɗauko wa Uba takalmansa daga ƙarƙashin benci, ya ajiye a gabansa.

"Taso mu je gida, Malam," ya ce. "Mamman ne ya ɗan ji ciwo."