Sharaɗin Gidan Reno

Da hantsi ne, ana yayyafi tun asuba, benci ya cika da masu tari. Likita ta leƙa, ta kira na gaba.

Wata mata ce ta shigo da rigar aikin gidan burodi, yaro a kafaɗa, majina har leɓe. Ba ta ko zauna ba.

"Likita, antibayotik za ki rubuta mana. Mai ruwan hodar nan."

"To, sannu da zuwa, abokiyar aiki. A ina kika yi karatun?"

Matar ba ta yi dariya ba. Likita ta ɗaga rigar yaron, ta saurari ƙirji gaba da baya, ta haska kunne da maƙogwaro. Yaron ya cafke abin sauraron zai kai baki. Ƙirji fes, numfashi lafiya, jiki ba zafi. Mura ce kawai. Ta san rubutawar ta fi sauƙi, ga layi a waje, amma maganin ba ya taɓa mura, sai dai ya bar yaro da gudawa, ranar da ake buƙatar maganin kuma ya ƙi aiki.

"Ba zan rubuta ba, 'yar'uwa. Ruwa da abinci da barci, zai warware."

"Ni ma na san mura ce!" in ji matar. "Anti mai gidan reno ta ce ba ta karɓar mai tari sai da kwalbar magani a jaka. Jiya ban je aiki ba. In na sake fashi yau, maigidanmu ya ce in yi zamana."

Ashe nan gizo ke saƙa. Likita ta miƙa hannu.

"Kira min ita."

Aka kira. Anti ta fara da faɗa, wai 'ya'yan mutane amana ne.

"Gaskiyarki, Anti," in ji Likita. "Amma kwalbar ba ta hana mura yaɗuwa, wanke hannu ne ke ragewa. Na duba shi da kaina. In kika ga yana haki, ko ya ƙi shan ruwa, ki turo min shi, ba sai ya bi layi ba."

Sai Anti ta ce, "To, ta kawo shi."

Matar ta dubi agogon bango, ta saɓi ɗanta. Takalminsa ɗaya ya faɗi a bakin ƙofa. Likita ta tsince, ta bi su, ta zura masa a ƙafa suna tafiya. Uwar ba ta ma waiwayo ba.